Bambar ƙarfe ko ta alminiyum: Wacce ta dace da motar shiga daji?

Duk wanda ya mallaki mota mai jan ƙafa huɗu, irin su Toyota Hilux ko Land Cruiser, kuma yake bin hanyoyin da kwalta ba ta kai ba, wata rana sai ya yi tunanin sauya bambar gabanta. Bambar da kamfani ke haɗowa da ita galibi roba ce a waje da ɗan siririn ƙarfe a ciki. An yi ta ne domin ƙananan karo na cikin gari da kuma sassauta wa mai tafiya a ƙasa idan an buge shi. Ba ta iya kare lagireto daga kututture, ko dutse, ko dabbar da ta faɗo hanya da dare.

A nan ne mai mota ke fuskantar zaɓi biyu: bambar baƙin ƙarfe, ko ta alminiyum, wanda wasu ke kira sanholo ko goran ruwa. Tambayar da aka fi yi ita ce wacce ta fi ƙarfi. Sai dai abin da ya fi yanke hukunci shi ne nauyin da motar za ta iya ɗauka, da irin hanyar da take bi, da kuma wanda zai gyara bambar ranar da ta samu matsala.

Asalin irin wannan bamba

Ƙasar Ostireliya ce ta fi shahara da ƙera manyan bambobi, saboda yawan karo da dabbar kangaru da shanu a dogayen hanyoyinta na karkara. A can ne aka kafa kamfanin ARB a birnin Melbourne a 1975, wanda kayansa suka bazu a duniya. Shi kuwa alminiyum ba baƙo ba ne a motocin daji. Land Rover ta farko da ta fito a 1948 da shi aka yi gangar jikinta, domin ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ko a wannan motar, ƙashin da ke ɗauke da ita na baƙin ƙarfe ne. Wannan rabon aiki yana nuna inda kowanne ya fi amfani.

Nauyi

Idan aka ɗauki dunƙule biyu masu girma ɗaya, na ƙarfe ya ninka na alminiyum nauyi kusan sau uku: giram 7.85 a kowane murabba'in santimita mai tsawo da faɗi da zurfi, shi kuwa alminiyum giram 2.7. To amma ƙarfe ya ninka shi tauri, wato ƙin lanƙwasa, shi ma kusan sau uku. Saboda haka ba a yin bambar alminiyum da kaurin ta ƙarfe, dole a ƙara mata.

Misali, farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya da kaurin milimita 5 yana da nauyin kilo 39. Kafin farantin alminiyum ya kai shi ƙin lanƙwasa, sai kaurinsa ya ɗan haura milimita 7, kuma nauyinsa zai tsaya wajen kilo 19 zuwa 20. Wannan ne ya sa ragin da ake samu a aikace yake kusan rabi ko ƙasa da haka, musamman da yake maƙalan da ke haɗa bamba da ƙashin mota sau da yawa na ƙarfe ne ko da sauran jikinta na alminiyum ne.

Nauyin bamba ya fi yadda ake zato tasiri, saboda a can gaban tayoyin gaba yake rataye. A ɗauka tazarar tayoyin gaba da na baya mita 3 ce, bambar kuma tana mita 1 gaba da tayoyin gaba. Bamba mai kilo 60 za ta ɗora wa ƙafafun gaba kilo 80, ta kuma rage wa na baya kilo 20. Idan aka ƙara injin jan mota mai igiyar ƙarfe, wanda kan kai kilo 30 zuwa 40, da ƙarin fitilu, sai gaban motar ya sunkuya. Sakamakon shi ne raguwar tazarar mota da ƙasa, da saurin gajiyar sifirin da shokozoba, da ƙarin nisan tsayawa idan an taka birki, da ɗan ƙarin shan mai. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta mata, na jimla da na kowace ƙafa, kuma duk kilon da bamba ta cinye an rage shi ne daga na fasinja da kaya da ruwa da mai.

Yadda kowanne ke ɗaukar duka

Ba gaskiya ba ne cewa alminiyum kullum mai rauni ne. Wanda ake bamba da shi gauraye ne da wasu ma'adinai, kuma an fi amfani da samfurin 5052 da 6061-T6. Na biyun yana jure matsi daidai da baƙin ƙarfe na yau da kullum kafin ya fara lotsewa. Bambancin yana zuwa ne bayan an wuce wannan iyaka. Ƙarfe yakan miƙe ya lanƙwashe sosai kafin ya tsage, don haka ana iya ɗumama shi a buga a mayar da shi. Alminiyum yakan tsage da wuri, kuma idan aka yi ƙoƙarin miƙe wanda ya lanƙwashe, sau da yawa a nan yake dārewa. Haka kuma ya fi laushi, dutse yana yagar fuskarsa, alhali ƙarfe kan goga ya wuce.

Akwai kuma batun gargada. Girgizar da ba ta yankewa tana gajiyar da kowane ƙarfe, amma ba iri ɗaya ba. Baƙin ƙarfe yana da wani mizani wanda muddin matsin bai kai shi ba, zai iya jure girgiza har illa ma sha Allahu. Alminiyum ba shi da irin wannan tabbataccen mizani, gajiyarsa taruwa take yi a hankali. Shi ya sa tsaga ke fara bayyana a bakin walda da gefen ramukan kusoshi a bambar da ba a tsara ta da kyau ba. Wanda motarsa ke wuni a hanyar burji ya kamata ya riƙa duba waɗannan wurare.

Tsatsa

A nan alminiyum ne ke gaba. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke hana lalacewar ci gaba. Ƙarfe kuwa ya dogara ne da fenti, duk inda dutse ya ɓare shi tsatsa za ta kama. Wannan ya fi damun masu zama kusa da teku, kamar Legas da Fatakwal, da masu yawan ratsa rafuka da taɓo da damina. A busasshen yanayi irin na Sakkwato ko Agadas, tsatsa ba ta da saurin ci, ɗan fenti lokaci zuwa lokaci ya wadatar.

Duk da haka alminiyum yana da tasa cutar. Idan ya manne da ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakaninsu, shi ne ke cinyewa, ana ganin farin gari a wurin. Maganinsa shi ne a raba su da fenti ko roba a inda suka haɗu.

Gyara

Ga mai mota a Arewacin Najeriya da Nijar, wannan shi ne babban ma'auni. Bambar ƙarfe duk mai waldar bakin hanya zai iya liƙe ta da injinsa na lantarki, kuma a wurare irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba a rasa farantin da za a yi mata faci. Waldar alminiyum sai da inji na musamman da iskar argon da gwani. Dalili shi ne alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, amma fatar da ke kansa sai zafi ya haura digiri 2,000. Wanda bai iya ba zai huda farantin kafin fatar ta narke. Ko an yi waldar daidai, samfurin 6061-T6 yana rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ƙarfinsa a kewayen wurin da wuta ta taɓa.

Kada kuma a ɗauka alminiyum ɗin da ake narkawa a zuba tukwane da shi zai yi wannan aiki. Na tukunya tarkace ne aka narkar, yana da gautsi, duka ɗaya zai fasa shi.

Ta fuskar kuɗi, bambar alminiyum ta fi tsada a saye da kuma a gyara.

Abin da ya fi zaɓen ƙarfen muhimmanci

Bamba mai kyau ita ce wadda aka tsara domin samfurin motar. Motocin zamani suna da jakar iska, da na'urar da ke auna ƙarfin karo ta ba ta umarnin buɗewa, da wani sashe a gaban ƙashin mota da aka yi shi domin ya murƙushe ya shanye dukan. Idan aka yi wa ƙashin waldar dunƙulen ƙarfe kai tsaye, jakar na iya buɗewa a lokacin da bai dace ba, dukan kuma ya wuce zuwa ƙashin motar da mutanen ciki. Bambar ta tsira, mota ta karkace, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Don haka a nemi wadda aka gwada da jakar iska, a ɗaure ta da kusoshi masu inganci, kada ta toshe iskar lagireto ko hasken fitila. Mazaunin injin ja da ƙugiyoyin janyo mota su kasance a haɗe da ƙashin motar.

Sai haƙƙin sauran masu amfani da hanya. Bamba mai tauri tana ƙara munin rauni ga mai tafiya a ƙasa da mai babur. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta ɗora wa irin waɗannan kayan kariya sharuɗɗan gwaji kafin a sayar da su. Motar da rayuwarta duka a cikin gari take ba ta da buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun.

Wacce za a ɗauka?

Baƙin ƙarfe ya fi dacewa da motar da ke aiki a duwatsu da kututture, ko tafiyar dare inda dabbobi ke ratsa hanya, ko wadda ke nisa da manyan birane, da sharaɗin a ƙarfafa mata sifirin gaba. Alminiyum ya fi dacewa da motar da kayanta suka riga suka kusa iyaka, da ƙananan motoci masu jan ƙafa huɗu, da masu bin rairayi inda nauyin gaba ke nutsar da taya, da mazauna bakin teku. Akwai kuma bambobin da suka haɗa biyun, ƙashi da mazaunin injin ja na ƙarfe, fukafukai na alminiyum.

Kafin a biya kuɗi, a ɗora motar a sikeli da cikakken kayan tafiyarta, a kwatanta da iyakar da ke rubuce a littafinta ko a jikin ƙofar direba. Sannan a bincika ko akwai mai waldar alminiyum a yankin da motar ke aiki. Amsar waɗannan biyun ta isa ta nuna wa mai mota bambar da zai saya.