Awartakin Haihuwa Da Asirin Gidan Chamberlen

Hausawa sun ce haihuwa yaƙin mata. Labarin da za mu ba da a nan na wani ƙarfe ne da aka ƙera a Ingila domin taimakon mata a wannan yaƙi, amma mutanen gida guda suka ɓoye shi fiye da shekara 100. Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a jikin mace sa'ad da ta ke kan gwiwa, in ba haka ba ba zai gane amfanin ƙarfen ba.

Mahaifa jaka ce ta tsoka mai ƙarfi, bakinta yana rufe gam duk watannin ciki. In naƙuda ta zo, sai tsokan nan ta riƙa ɗaurewa tana saki. Ɗaurewar ita ce ciwon da mace ke ji, sakin kuwa shi ke bari jini ya koma ya kai wa jariri abin da ya ke rayuwa da shi. Da haka bakin mahaifa ke buɗewa kaɗan kaɗan, har faɗinsa ya kai wajen inci huɗu. Ga mai haihuwar fari wannan ya kan ci awa 12, wani lokaci ya fi. Cikin haka ne faya ke fashewa, sa'an nan nishi ya zo, jariri ya kama hanya. Bayan ya faɗo, mabiyiya ta biyo, sai mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin jini don kada uwa ta zubar da jini da yawa.

Wurin wuyar shi ne ƙashin ƙugu, gama kan jariri tilas ya bi ta tsakiyarsa, ga shi kuwa ƙashi ba ya miƙewa kamar fata. Allah cikin ikonsa ya bar ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, shi ya sa mu ke ganin maɗiga, don kan ya iya matsuwa ya wuce. Duk da haka wani lokaci kan ya kan tsaya a hanya, uwa ta galabaita, nishi ya ƙare. In aka daɗe a haka jariri ya kan mutu a ciki, mahaifa ta kan yage, ko kuwa naman da kan ya danne a jikin ƙashi ya mutu ya huje, mace ta sami yoyon fitsari.

A zamanin da, in haka ta faru a ƙasashen Turai, ungozoma sai ta aika a kirawo likita mai fiɗa. Shi kuwa abin da ya fi yi shi ne ya sa ƙugiya ya fitar da jariri gunduwa-gunduwa, ko uwar ta tsira. Tsaga ciki a lokacin nan kusan daidai ya ke da yanke wa mace hukuncin kisa. Saboda haka mata ba su yarda a kirawo likita sai an fid da rai.

A shekara ta 1569 wani likita mai suna William Chamberlen ya gudo daga Faransa saboda rikicin addini, ya sauka Ingila da iyalinsa. Yana da 'ya'ya maza biyu, kowanne sunansa Peter, a kan ce Peter Babba da Peter Ƙarami, dukansu kuwa suka shiga sana'ar karɓar haihuwa. Masana tarihi sun fi zaton Babban ne ya ƙago ƙarfen. Siffarsa kamar awartakin maƙeri, amma bakinsa kamar cokula biyu masu faɗi, daidai lanƙwasar kan jariri. Hikimar da ke ciki ita ce a kan raba shi biyu. Sai a sa ɓari guda a wannan gefen kai, a sa ɗayan a wancan gefen, sa'an nan a haɗa su a jawo a hankali, yaro ya fito da ransa.

Da wannan ƙarfe gidan ya yi suna, har Peter Babba ya zama likitan matar Sarkin Ingila. Amma suka ƙi nuna wa kowa. An ce in an kira su, sai su zo da wani ƙaton akwati mai ado wanda sai mutum biyu ke ɗauka, don mutane su zaci wata babbar na'ura ce a ciki. Su fitar da kowa daga ɗaki, su ɗaure wa mai naƙuda idanu, su yi aikinsu a ƙarƙashin mayafi. Haka asirin ya yi ta bin gida, uba ya bar wa ɗa.

A 1670 jikan Peter Ƙarami, wanda a ke kira Hugh, ya tafi Paris don ya sayar da asirin da kuɗi masu yawa. Babban gwanin haihuwa na birnin, François Mauriceau, ya gwada shi da wata mata mai shekara 38 wadda ta yi kwanaki tana naƙuda, ƙashin ƙugunta kuwa ya tsuke ƙwarai. Hugh ya cika baki ya ce yanzu zai sauke ta. Ya kulle ƙofa, ya yi awa uku yana fama, ya kasa. Matar ta mutu da ɗan a cikinta, ciniki ya watse. Da ya koma gida ya juya littafin Mauriceau zuwa Turanci, a gabatarwar ya faɗa wa masu karatu gidansu na da dabarar sauke irin waɗannan mata, amma ba zai bayyana ba, don kada ya tauye wa ubansa da 'yan'uwansa abinci.

Namiji na ƙarshe da ya yi sana'ar a gidan ya mutu a 1728. Kafin nan asirin ya fara zurarewa, a 1733 kuwa wani likita mai suna Edmund Chapman ya buga bayanin ƙarfen a littafi. Ainihin na gidan Chamberlen ba a gan su ba sai a 1813, sa'ad da aka tarar da su ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓe a saman wani gida a lardin Essex, inda ɗaya daga cikin likitocin gidan ya mutu tun 1683. Watau sun yi shekara 130 a nan.

Abin da ya faru a Paris ya nuna ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai an san hanyar da jariri ke bi. Wanda ya yi wannan aiki shi ne William Smellie, mutumin Sikotlan, wanda ya koma Landan a 1739. Ya riƙa karɓar haihuwar matalauta kyauta, da sharaɗin almajiransa su tsaya su gani. Ya yi mutum-mutumi da ƙashin ƙugu na gaske da fata don koyarwa. Cikin shekara 10 ya koyar da maza fiye da 900, ban da ungozomomi. A littafinsa na 1752 ya bayyana cewa ƙofar ƙugu ta sama ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, ta ƙasa kuwa daga gaba zuwa baya. Don haka kai ya kan shiga a karkace, haɓa a kan ƙirji, sa'an nan ya juya, fuska ta dubi bayan uwa, ya kutsa ƙarƙashin ƙashin mara ya fito. Ya koya wa almajiransa su auna ƙugu, su san inda ƙarfe zai yi amfani da inda zai yi ɓarna, ya kuma gargaɗe su kada su yi saurin ɗaukarsa, gama yawancin mata haƙuri kawai su ke bukata.

Yau awartakin nan yana nan a asibitoci. Ban da shi akwai wani ɗan kofi mai zuƙo kan jariri, wanda wani likitan Suwidin ya kyautata a shekarun 1950. In kuma ƙugu ya tsuke irin na matar Paris, sai a yi fiɗa a ciro yaro, da yardar Allah uwa da ɗa su tashi. Amma duk waɗannan ba su amfanin wadda ba a kawo da wuri ba. Har yanzu a ƙasarmu doguwar naƙuda na jawo wa mata yoyon fitsari, musamman 'yan mata waɗanda ƙugunsu bai gama girma ba, har akwai asibiti na musamman dominsu a Babbar Ruga ta Katsina. Saboda haka, maigida, in iyalinka ta wuni tana naƙuda ko ta kwana ba ta sauka ba, kada kunya ko jiran gobe su tsai da kai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nemi abin hawa ka kai ta asibiti. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.