Daga kakin Barazil zuwa rufin siramik: tarihin kare fentin mota

A farkon ƙarni na 20, fentin mota aikin masu haƙuri ne. Da burushi ake shafa shi, shafi bisa shafi, kamar yadda aka saba yi wa keken doki, kuma mota kan kwashe makonni a rumfa tana jiran ya bushe. Bayan duk wannan wahala, rana da ruwan sama ba sa ɗaukar lokaci su dusashe shi. Sai a 1924 kamfanin General Motors ya fito da motar Oakland da fentin Duco, wanda DuPont ya haɗa, ana fesa shi ya bushe cikin sa'o'i. Launuka suka yawaita, aiki ya yi sauri, amma fentin yana nan tsirara a gaban rana da ƙura da kashin tsuntsu.

Abin da aka fara kare shi da shi kaki ne, kuma daga wurin masu goge kayan katako aka aro dabarar. Frank Meguiar ya fara haɗa man goge kujeru a Amurka a 1901, kafin motoci su zama kasuwarsa. Simoniz ya biyo baya wajen 1910, Turtle Wax na Ben Hirsch kuma ya taso a Chicago a shekarun 1940. Kakin da ya fi daraja a wannan sana'a shi ne karnauba, wanda ake kakkaɓowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Barazil. Yana da tauri ƙwarai, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, don haka sai an cakuɗa shi da mai da sinadarai masu tausasa shi kafin ya shafu. Sheƙinsa yana da zurfi da ɗumi, har yau masu kai motoci baje-koli ba su daina son sa ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jimawa. Zaune kawai yake a kan fenti bai kama shi ba, zafi na cin sa, sabulu na wanke shi, cikin makonni kaɗan ya tafi.

A wancan zamani launi da sheƙi duk a shafi ɗaya suke. Wanda ya taɓa goge tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ya san yadda tsumma ke fitowa da launin motar. Mataccen saman fentin ne ke fita, sabo ya bayyana a ƙasansa.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. Na farko, ilimin haɗa sinadarai ya ci gaba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman dangin silikon da kamfanoni irin su Dow Corning, wanda aka kafa a 1943, suka bunƙasa. Daga nan aka samu silant, wato ruwan da aka haɗa a masana'anta maimakon a samo shi daga bishiya. Ƙwayoyinsa dogaye ne, suna sarƙewa da juna idan ya bushe, kuma suna manne wa fenti fiye da kaki. Maimakon makonni, sai aka koma maganar wata huɗu zuwa shida, wani ma ya kusa shekara idan motar tana kwana a inuwa. Sheƙinsa ya fi kama da na gilashi, abin da ya sa masu son kaki suka daɗe suna cewa ba shi da rai. Na biyu, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 masana'antu suka koma fenti hawa biyu: launi a ƙasa, sai wani shafi garai-garai a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Tun daga lokacin, duk abin da ake shafa wa mota a kan kiliya yake zama, kuma ita ake karewa. Kaurinta bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin mutum ba. Duk sanda aka sa injin goge don cire ƙarzuwa, wani abu daga cikinta ake kankarewa, kuma ba ya dawowa. Idan ta ƙare sai ta fara ɓarewa fari-fari a kan rufi da bonet, daga nan babu magani sai sabon fenti.

Rufin siramik ya fara yaɗuwa ne a shekarun 2000, inda Japan ta kasance cikin na gaba-gaba, kafin kamfanoni irin su Gtechniq na Birtaniya, da Optimum na Amurka, da CarPro su kai shi ko'ina. Ruwa ne a ƙaramar kwalba, yawanci mai ɗauke da sinadaran da ke rikiɗewa su zama silika, abin da ake yin gilashi da shi. Idan aka shafa, sai ya haɗu da raɓar da ke cikin iska ya daskare ya zama siririyar fata mai tauri wadda ta kama kiliya kam. Sabulu ba ya fitar da shi, sai dai injin goge. Yana jure zafi da sinadarai fiye da silant nesa ba kusa ba, ruwa na gangarewa a kansa dunƙule-dunƙule, datti ba ya kama shi sosai, kuma mai kyau yakan yi shekara biyu zuwa biyar. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na jayayya da shi.

Inda nake da ja shi ne yadda ake tallarsa. Kusan kowace kwalba tana ɗauke da alamar 9H, mai saye kuma ya ɗauka ma'aunin taurin duwatsu ake nufi, wanda lu'ulu'u ke da 10 a kansa. Ba haka ba ne. Ma'aunin fensir ne: ana goga fensir mai taurin 9H a kan rufin a ga ko zai yi masa tabo. Kaurin rufin kuwa maikiron ɗaya ne ko biyu, sau da yawa ma ƙasa da haka. Abu mai wannan siranta ba zai tare tsakuwar da tayar tirela ta cillo ba, ba zai hana makulli ko madubin babur ƙarzar ƙofa ba. Mai neman irin wannan kariya, leda mai kauri ta musamman yake buƙata, wadda asalinta kamfanin 3M ya yi don fukafukan jiragen sama masu saukar ungulu na sojojin Amurka, kuma kaurinta kan kai maikiron 150 zuwa 200.

Tsadar siramik ma yawancinta ba a kwalbar take ba, a shiri take. Sai an wanke motar, an cire kwalta da ƙurar ƙarfe da suka nutse a fenti, an goge duk wata ƙarzuwa da inji, an share maiƙo, sannan a shafa a ɗaki marar ƙura, a kuma hana ruwa taɓa ta na kwana ɗaya ko fiye. Duk tabon da aka bari, an rufe shi ke nan na shekaru. Idan kuma ba a share rarar ruwan a kan lokaci ba, sai ya daskare ya bar dabbare-dabbare. Silant bai da wannan tsanani. Mai mota zai iya shafa shi da kansa a ƙarƙashin bishiya da yamma, in ya yi kuskure ya wanke ya sake.

A ƙasarmu akwai abin da ya kamata a ƙara a lissafi. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, cike take da ƙwayoyin silika da yashi, kuma yashi ya fi kiliya tauri. Yaron da ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya share motar maigida, goga yashi yake yi a kan fenti, ko da siramik ko babu. Haka wurin wankin mota da ke amfani da omo da soso ɗaya da bokiti ɗaya ga taya da jiki. Omo zai cinye silant cikin ɗan lokaci, siramik zai jure omon amma ba zai jure soson ba. Ruwan burtsatse mai zartsi kuma, idan ya bushe a rana a kan siramik, yakan bar zobban tabo masu wuyar fita, domin ɗigon da ke dunƙulewa yana tara gishirin wuri ɗaya. Saboda haka ina ganin siramik ya dace da sabuwar mota ko wadda aka gyara fentinta sosai, a hannun wanda zai lura da yadda ake wanke ta. Motar da ta sha rana, wadda ake wankewa a bakin titi, silant sau biyu a shekara ya fi mata amfani, kafin hunturu da kafin damina, kuma kuɗin bai kai ya kawo ba.

A 'yan shekarun nan iyakar da ke tsakanin su biyun ta fara shuɗewa. An fito da na fesawa masu ɗauke da ɗan silika, ana rubuta musu siramik a jiki, alhali a aiki da daɗewa silant ne, watanni suke yi. Wajen 2020 kuma aka shigo da masu sunan girafin, waɗanda tushensu dai siramik ɗin ne da aka ƙara wa wani sinadari. Mai saye zai iya bambance su ta hanyar umarnin da ke jikin kwalba: wanda aka ce a fesa a share a tafi, na watanni ne, wanda aka ce sai an goge fenti da inji an kuma jira ya daskare, shi ne na shekaru.