Infocom, Kamfanin da Wasa Ya Raya, Buri Ya Kayar

A shekarar 1977 wani wasa mai suna Adventure ya shiga ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Cambridge, a jihar Massachusetts ta Amurka, ya hana mutane aiki. Will Crowther ne ya fara rubuta shi, shi kuwa mutum ne mai sha'awar shiga koguna, ya ɗauko tsarin wasan daga wani kogo na gaske a jihar Kentucky. Daga baya Don Woods na jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ta kwatanta maka inda kake da rubutu, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi.

Mutum huɗu a MIT, wato Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling, suka gama wasan, suka ce su ma za su iya, har ma su fi. Abin da ya fi damunsu shi ne Adventure ba ya gane abin da ya wuce kalma biyu. Nasu kuwa suka koya masa karɓar cikakkiyar jimla, mutum ya ce a kashe dodo da takobi, wasan ya gane wanda za a kashe da abin da za a kashe shi da shi. Sun rubuta shi da harshen kwamfuta na MDL a kan wata katuwar na'ura, PDP-10.

Sunan wasan nasu ma ba zama aka yi aka raɗa ba. Zork kalma ce marar ma'ana da 'yan ɗakin ke liƙa wa duk manhajar da ba a kammala ba. Da suka so ba shi suna na kirki suka kira shi Dungeon, sai kamfanin TSR mai wasan Dungeons & Dragons ya nuna bai yarda ba, aka koma wa sunan wucin gadi, ya bi shi har abada.

Labarin dodon duhu ya fi daɗi. Da farko, a cikin Zork, duk wanda ya yi yawo cikin duhu ba fitila rami yake faɗawa ya mutu. Sai aka lura da shirme: mutum yana ɗakin saman gida, ya faɗa rami marar ƙarshe, alhali ɗakin da ke ƙasa ba ko huda a rufinsa. Lebling ya aro sunan wata halitta, grue, daga littattafan Jack Vance, ya mai da ita dodo mai cinye duk wanda ya shiga duhu. Babu wanda ya taɓa ganin kamanninta, abin da ya ƙara mata kwarjini ke nan.

A ranar 22 ga Yuni, 1979, mutum goma daga ɗakin binciken suka kafa Infocom, cikinsu har da shugabansu Al Vezza. Ba kamfanin wasa suka nufa ba, burinsu manhajar kasuwanci. Zork dai shi ne kayan da ke hannu, sai dai ya yi wa kwamfutocin gida girma ƙwarai. Blank da Joel Berez suka ɓullo da dabara: suka ƙirƙiro wata kwamfuta ta zuci, wadda ba ta da jiki, suka kira ta Z-machine. A rubuta wasa sau ɗaya dominta, kowace irin kwamfuta kuma a yi mata ɗan ƙaramin tafinta. Suka raba Zork gida uku. Kashi na farko ya fito a ƙarshen 1980 a kan kwamfutar TRS-80 ta hannun kamfanin Personal Software, wanda ya zana wani jarumi mai gashin baki da takobi a jikin kwalin, hoton da bai yi kama da wasan ba. Ba a daɗe ba Infocom ta karɓi sayar da kayanta da kanta.

Ƙarancin wuri a faifai ya sake haifar da wata fasahar. Lokacin da Blank ke rubuta Deadline, wasan binciken kisan kai na 1982, bayanan sun ƙi shiga, sai aka buga su a takarda aka zuba cikin kwali: rahoton ɗakin gwaji, bayanan shaidu, har da ƙwayoyin magani na ƙarya a leda. Masu saye suka so abin, ya kuma wahalar da masu kwafar faifai ta bayan fage. Mike Dornbrook ya zo da littafin taimako da aka buga amsoshinsa da tawada marar ganuwa, sai an goga wani alƙalami na musamman su bayyana, don kada ido ya ci abin da bai nema ba. A 1984 Steve Meretzky na Infocom ya haɗa hannu da marubuci Douglas Adams suka mai da littafin Adams, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, wasa, ya yi kasuwa sosai.

Amma tsohon buri bai mutu ba. Kuɗin da wasanni suka kawo aka zuba cikin Cornerstone, manhajar adana bayanan ofis da ta fito a 1985. Abin takaici, dabarar da ta raya wasannin ita ta cuci wannan: an gina ta a kan kwamfutar zuci, ta yi nauyin tafiya, a lokacin da kasuwa ta riga ta karkata ga kwamfutocin IBM, ba a buƙatar tafinta. Aka yi asara, aka sallami ma'aikata. Kamfanin Activision ya sayi Infocom a 1986, ya rufe ofishinta na Cambridge a 1989.

Z-machine ta daɗe fiye da masu ita. Masu sha'awa suka tono yadda take aiki, a 1993 kuma Graham Nelson na Ingila ya fitar da Inform, manhajar da ta ba kowa damar rubuta mata sabon wasa. Faifan Zork na 1980 ya tsufa, amma abin da ke cikinsa yana buɗewa a wayar hannu ta yau, daga gaban wani farin gida mai akwatin wasiƙa inda wasan yake farawa.