Shugaban da Yawancin Jama'a Ba Su Zaɓa Ba

A shekara ta 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasar Amurka, amma cikin kowane mutum goma da suka jefa ƙuri'a, wajen huɗu kaɗai suka zaɓe shi. Tun ba a rantsar da shi ba, jihohi bakwai na Kudu suka ɓalle. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 600,000.

Amma da yake ba iyayengijin bayi suka ɗora shi ba, ba su bin sa bashin kome. A 1863 ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka tayar. A 1865 aka hana bauta a ƙasar duka, bayi kusan miliyan huɗu suka zama 'ya'ya. Mai karatu, ka ga ƙarancin masoya ba ya hana shugaba aikata alheri.