Challenger 2: Tankar Yaƙin Birtaniya Da Aka Ƙera Domin Kare Ran Sojan Da Ke Cikinta

Challenger 2 ita ce babbar tankar yaƙi da rundunar sojin ƙasa ta Birtaniya ta dogara da ita tun daga shekarar 1998. Abubuwa uku ake dubawa wajen ƙera kowace tanka: ƙarfin wuta, kaurin sulke da saurin tafiya, kuma da wuya a ƙara ɗaya ba tare da an rage wani ba. Birtaniya ta fifita sulke a kan sauri, kuma wannan zaɓi ne ya bayyana a duk fagen fama da tankar ta shiga, daga Iraƙi zuwa Yukren.

Asali

Kamfanin Vickers Defence Systems ne ya fara zana tankar da kuɗinsa a shekarar 1986, domin ta gaji Challenger 1. Wannan kamfani ba baƙo ba ne ga sojojin Najeriya, domin shi ya ƙera tankokin Vickers Mk 3 da ƙasar ta saya tun a shekarun 1980.

A watan Yunin 1991 Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta ba da odar tankoki 127, bayan ta gwada ta da Abrams ta Amurka da Leopard 2 ta Jamus. A 1994 ta ƙara odar wasu 259, jimilla 386 ke nan, aka kuma miƙa ta ƙarshe a 2002. Masarautar Oman ce kaɗai ƙasar waje da ta saya, inda ta karɓi guda 38.

Yadda aka ƙera ta

Mutum huɗu ke aiki a cikinta: kwamanda, maharbi, mai ɗura harsashi da direba. Nauyinta tan 62 da rabi ne, amma idan aka ɗaura mata ƙarin sulke yakan kai kusan tan 75. Injinta na dizal ƙirar Perkins CV12 yana da ƙarfin dawaki 1,200, yayin da na Abrams da Leopard 2 ke da 1,500. Saboda haka gudunta a kan kwalta bai wuce kilomita 59 a awa ɗaya ba.

Sulkenta, wanda ake kira Dorchester, ci gaba ne a kan sulken Chobham da Birtaniya ta ƙirƙira. An jera shi ne hawa-hawa da ƙarfe da wasu abubuwa masu tauri, ta yadda ƙarfin harsashi zai karye kafin ya kai ciki. Har yau haɗinsa sirri ne na gwamnati.

Babbar bindigarta, L30A1, faɗin bakinta milimita 120 ne, kuma nan ta sha bamban da takwarorinta. Cikin bututun bindigar yana da tsaga mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa, alhali manyan tankokin sauran ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO sun koma ga bututu mai santsi. Birtaniya ta riƙe tsohon salon ne saboda wani harsashi da ake kira HESH, wanda ke mannewa a jikin abin da ya daka kafin ya fashe, yana kuma da amfani sosai wajen rushe gine-gine da ramukan ɓuya. Sai dai hakan ya sa ba ta iya amfani da harsasan ƙawayenta.

Harsashin da albarushinsa a rabe suke, kuma ana ajiye albarushin can ƙasa a cikin akwatuna masu sulke, domin rage haɗarin tashin gobara idan aka huda saman tankar. Akwai kuma bindigogi biyu masu sarrafa kansu na milimita 7.62. A ciki har da tukunyar lantarki ta dafa ruwan shayi da ɗumama abinci, don kada yunwa ta fitar da soja waje a bakin daga.

A fagen fama

Aikinta na farko shi ne wanzar da zaman lafiya a Bosniya da Kosobo. A 2001, a wani babban atisaye da aka yi a hamadar Oman, ƙura ta riƙa toshe matatar iskar injinta cikin 'yan sa'o'i, abin da ya tilasta yin gyara kafin a kai ta yaƙin hamada.

A mamayar Iraƙi ta 2003, Birtaniya ta tura kimanin tankoki 120, waɗanda suka yi yaƙi a kewayen birnin Basra. A ranar 27 ga Maris, tankokin rundunar Royal Scots Dragoon Guards sun lalata tankokin Iraƙi 14 samfurin T-55 ba tare da rasa ko ɗaya ba. Wata tankar da ta maƙale a rami ta sha ruwan rokoki da makami mai linzami, amma mutanen cikinta suka fito lafiya, aka kuma gyara ta ta koma aiki.

Asara mafi muni a wannan yaƙi daga gida ta zo. A ranar 25 ga Maris, wata Challenger 2 ta harbi 'yar uwarta bisa kuskure cikin dare, sojoji biyu suka mutu.

Da yaƙin ya rikiɗe zuwa na sari-ka-noƙe, sai rauninta ya fito fili, wato ƙasan gabanta da cikinta. A Agustan 2006 a garin Amara, roka samfurin RPG-29 ta huda ƙasan gaban wata tanka ta raunata direban a ƙafa. A Afrilun 2007 kuma wani bam da aka binne a Basra ya fasa cikin wata, direban ya ji mummunan rauni. Bayan haka aka ƙarfafa sulken waɗannan wurare.

A Janairun 2023, Firaminista Rishi Sunak ya sanar da bai wa Yukren tankoki 14, matakin da ya sa Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta yi alƙawarin ba da manyan tankoki ƙirar Yammacin duniya. A Satumban shekarar aka lalata ɗaya kusa da ƙauyen Robotyne da ke yankin Zaporizhzhia. Wannan ne karon farko da abokan gaba suka hallaka Challenger 2 kwata-kwata, amma Sakataren Tsaron Birtaniya na lokacin, Grant Shapps, ya tabbatar da cewa mutanen cikinta sun tsira. Yaƙin Yukren ya nuna cewa nauyinta na zama matsala a ƙasa mai taɓo, kuma nakiyoyi da jirage marasa matuƙa suna kai hari ne ta ƙasa da ta sama, inda sulke bai kai na gaba kauri ba.

Makoma

A watan Mayun 2021 gwamnatin Birtaniya ta sanya hannu a kan kwangilar fam miliyan 800 da kamfanin Rheinmetall BAE Systems Land, domin sabunta tankoki 148 su zama Challenger 3 a masana'antarsa da ke Telford. Za a sa musu sabon kai mai juyawa, da sabon sulke, da bindiga mai santsin bututu irin ta Jamus, wadda za ta ba su damar harba harsasai iri ɗaya da na sauran ƙasashen NATO. An kuma tanadi na'urar Trophy ta Isra'ila, mai kakkaɓo makami kafin ya iso jikin tanka. Ana sa ran kammala aikin nan da shekarar 2030, lokacin da adadin manyan tankokin Birtaniya zai kasance ƙasa da rabin 386 da ta saya tun farko.