Tare Hanya da Toshewar Kafar Koke a Karkarar Katsina

Zanga-zangar talakawa a karkarar Katsina tana da siga tata. Galibi takan ɓarke bayan an kai hari ƙauye, wani lokacin ana idar da jana'iza. Matasa su gicciya itatuwa da duwatsu a kan kwalta, su cinna wa tayoyi wuta, manyan motocin hatsi su yi layi, direbobi su kashe inji su koma inuwa. Babu ƙungiya, babu takardar buƙatu, babu jagoran da za a zauna da shi. Haka aka gani a 'Yantumaki ta Ƙaramar Hukumar Ɗanmusa a watan Yunin 2020, inda masu fushi suka ƙona allon da ke ɗauke da hoton Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan jiharsu. Koken da ke fitar da mutane titi gaskiya ne, amma titi ba ya magance shi, kuma yawaitar tare hanya shaida ce ta lalacewar hanyoyin da talaka ya saba isar da kukansa ga hukuma.

Tushen fushin biyu ne. Na farko tsaro. Yankin Funtuwa, Bakori, Ɗandume, Ƙafur da Malumfashi shi ne rumbun jihar: masara, dawa, shinkafa, waken suya, da audugar da ta sa aka kafa injinan gurza tun zamanin Turawa. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Bayan kwana takwas aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na Mahuta ta Ɗandume suna dawowa daga Mauludi, 'yan sanda da 'yan sa-kai suka kuɓutar da su. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. A ƙauyuka da dama manomi kan biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya kwashe amfani. Na biyu tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 cikin wata biyu, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ga manomi, wannan ya shafi taki, da man injin ban-ruwa, da kuɗin kai buhu kasuwar Ɗandume.

Zanga-zangar yunwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024 ta nuna iyakar abin da titi ke iya bayarwa. A Arewa ne ta fi zafi. An wawashe dukiyar gwamnati da ta 'yan kasuwa a Kano, an sa dokar hana fita a Kano da Katsina da Jigawa da wasu jihohin, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24. A watan Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Tallafin mai bai dawo ba. Wanda ya ɗanɗana kuɗa shi ne mai shayi da ɗan acaɓa da ɗan dako, waɗanda abincin darensu ke hannun fitar safiya.

A nan ne masu ra'ayin 'yan mazan jiya suke da hujja mai ƙarfi. Taron da ba shi da jagora ba ya iya tsayar da kansa, kuma ɓata-gari ba sa neman izini kafin su shiga. Malamai da sarakunan da suka yi gargaɗi kafin Agusta ba su yi kuskure a lissafin ɓarna ba, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Inda da yawansu suka gaza shi ne tsayawa a rabin magana. Al'adar siyasar da suke karewa ba ta ɗora wa talaka haƙuri ta bar mai mulki sakaka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki harajin zalunci na sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, yana ɗora wa shugaba nauyin adalci da kula da masalahar talakawa. Tsarin mulkin 1999 ma ya sa tsaro da walwalar jama'a su zama babban aikin gwamnati, ya kuma ba da 'yancin taro cikin lumana. Mai wa'azin biyayya da bai haɗa da wa'azin adalci ba ya bar koyarwar magabatansa, kuma yana zubar da girman da zai buƙata ranar da zai ce wa matasa su koma gida.

Matsalar da ta fi zurfi ita ce ta tsani. A da, koke kan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fada. Tsarin yana da zaluncinsa, wanda jam'iyyar NEPU ta yaƙa tun 1950, amma talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa karɓe ikon En'e ya miƙa wa zaɓaɓɓun majalisu, daga baya asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya mayar da majalisun 'yan amshin shatan gwamnoni. Sakamakon haka, dagaci yana da kunnen jama'a ba shi da iko, ciyaman yana da ofis ba shi da kuɗi, kansila kuwa sai lokacin zaɓe. Wanda aka sace wa shanu ya rasa inda zai kai ƙara, sai kwalta.

Masu goyon bayan tare hanya sukan ce ba a ganin motar jami'an tsaro sai hayaƙi ya tashi, kuma sau da yawa haka ne. Amma abin da ake samu ziyara ce da alƙawari, ba gyara ba. Tarihi ya nuna tsadar hanyar: manoman yankin madatsar ruwan Bakolori da suka tare hanyoyi a 1980 kan diyyar gonakinsu da gaskiyarsu, amma da harsashi aka amsa musu. NEPU kuwa ta bar tasiri mai ɗorewa ne saboda tana da rassa da shugabanni da buƙatu a rubuce.

Saboda haka gyaran yana wajen sake gina tsanin. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, yana buƙatar aiwatarwa tare da bayyana lissafi ga jama'a. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 za ta fi amfani idan dagatai da limamai na da bakin magana a kan wanda ake ɗauka da yadda yake aiki. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwar hatsi su riƙa kai koke a rubuce, da sunan ƙauye da ranar hari da asarar da aka yi. Idan ta kama a fita, a fita da sanannun jagorori da ƙayyadadden lokaci, a bar hanya a buɗe. Hukuma kuma ta ɗauki amsa koke a matsayin wajibi, domin oda tana tsayawa ne a kan yardar talaka cewa za a saurare shi.