Leicester City F.C.

Leicester City Football Club ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ƙwararru da ke birnin Leicester a yankin tsakiyar Ingila. An kafa ta a shekarar 1884 da sunan Leicester Fosse, kuma ta koma amfani da sunanta na yanzu a 1919. Tana buga wasanninta na gida a filin wasa na King Power. Ana yi mata laƙabi da The Foxes, sunan wata dabbar daji mai kama da dila wadda hoton kanta ke jikin tambarin ƙungiyar.

Leicester ta shafe mafi yawan tarihinta tana hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu na gasannin Ingila. Ta yi suna a duniya ne a kakar 2015–16, lokacin da ta lashe gasar Firimiya shekara ɗaya bayan ta tsallake faɗuwa daga gasar da ƙyar. Ta kuma lashe kofin FA sau ɗaya, da League Cup sau uku, da Community Shield sau biyu.

Tarihi

Kafuwa da shekarun farko (1884–1945)

Wasu matasa, akasarinsu tsofaffin ɗaliban makarantar Wyggeston, su ne suka kafa ƙungiyar. Sun ɗauko sunan Fosse daga titin Fosse, wanda a kusa da shi suka fara wasa. Bayan ta yi ta sauya filaye, ƙungiyar ta zauna a Filbert Street a 1891, sannan ta shiga rukuni na biyu na Football League a 1894. Ta hau rukuni na ɗaya karon farko a 1908, amma kaka ɗaya kawai ta yi ta sauko. A wannan kakar ce Nottingham Forest ta doke ta da ci 12–0, wanda shi ne kaye mafi muni a tarihinta.

Leicester Fosse ta faɗa matsalar kuɗi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka sake kafa ta a 1919 da sunan Leicester City, a shekarar da garin ya samu matsayin birni. Ta lashe rukuni na biyu a 1925. A kakar 1928–29 ta ƙare a matsayi na biyu a rukuni na ɗaya, da tazarar maki ɗaya tsakaninta da Sheffield Wednesday. Gwarzonta a wancan zamani shi ne Arthur Chandler, wanda ƙwallaye 273 da ya ci har yau ba a samu ɗan wasan ƙungiyar da ya kai su ba.

Bayan yaƙi zuwa 1995

Tsakanin 1949 da 1969 Leicester ta kai wasan ƙarshe na kofin FA sau huɗu, kuma duka aka doke ta: Wolverhampton Wanderers a 1949, Tottenham Hotspur a 1961, Manchester United a 1963, da Manchester City a 1969. Babban kofinta na farko ya zo ne a 1964 ƙarƙashin koci Matt Gillies, lokacin da ta doke Stoke City da ci 4–3 a wasa gida da waje ta ɗauki League Cup.

Ƙungiyar ta yi fice wajen masu tsaron raga. Gordon Banks yana ɗan wasanta ne lokacin da ya lashe Kofin Duniya da Ingila a 1966, kuma matashin da ya gaje shi a raga shi ne Peter Shilton. Gary Lineker, haifaffen birnin, a nan ya fara wasa, ya kuma bar ta zuwa Everton a 1985.

Zamanin Martin O'Neill da karayar arziki (1995–2010)

Martin O'Neill ya karɓi aikin koci a Disamban 1995, ya kai ƙungiyar Firimiya a 1996. Ta ƙare cikin goman farko a kakanni huɗu a jere, ta kuma lashe League Cup a 1997 a kan Middlesbrough da kuma a 2000 a kan Tranmere Rovers. Bayan tafiyarsa Celtic a 2000 al'amura suka taɓarɓare. Ƙungiyar ta faɗi daga Firimiya a 2002, daidai lokacin da take biyan kuɗin gina sabon filin wasa, ga shi kuma kamfanin talabijin na ITV Digital da ƙungiyoyin ƙananan rukunai suka dogara da kuɗinsa ya durƙushe. A watan Oktoban 2002 bashi ya sa aka miƙa ragamarta ga masu kula da kamfanonin da suka karye, har sai da wasu masu zuba jari da Lineker ya jagoranta suka ceto ta.

A 2008 ta faɗa rukuni na uku, karon farko a tarihinta. Nigel Pearson ya dawo da ita bayan kaka ɗaya. A 2010 attajirin ƙasar Tailan Vichai Srivaddhanaprabha, mai kamfanin King Power da ke sayar da kaya a filayen jiragen sama, ya sayi ƙungiyar daga Milan Mandarić.

Lashe gasar Firimiya (2014–2017)

Leicester ta lashe gasar Championship a 2014 da maki 102, ta koma Firimiya bayan shekara goma. Kakar farko ta zo mata da wahala, domin har farkon watan Afrilun 2015 ita ce ta ƙarshe a teburi. Sai ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na 14. Duk da haka an sallami Pearson, aka ɗauko Claudio Ranieri ɗan Italiya, wanda ba da daɗewa ba aka kore shi daga horar da tawagar Girka. Kamfanonin caca na Birtaniya sun ƙiyasta damar ƙungiyar ta lashe gasar a kan ɗaya cikin 5,000.

Ƙarfin tawagar ya ta'allaƙa ne a kan 'yan wasan da aka sayo da araha, waɗanda mai farautar 'yan wasa Steve Walsh ya taka rawa wajen gano su. An sayi Jamie Vardy daga Fleetwood Town a 2012 kan fam miliyan 1, lokacin yana wasa a ƙasa da rukunan ƙwararru huɗu na Ingila. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya ya zo daga Le Havre ta rukuni na biyu a Faransa kan ƙasa da rabin fam miliyan, sai N'Golo Kanté daga Caen a 2015. Ranieri ya tsara su a kan salon 4–4–2: su bar wa abokan hamayya ƙwallo, su tsare gida, da sun ƙwace kuma su kai farmaki cikin sauri. Kasper Schmeichel ne a raga, kyaftin Wes Morgan da Robert Huth a tsakiyar baya, Kanté da Danny Drinkwater a tsakiya, Shinji Okazaki kuma yana mara wa Vardy baya a gaba.

Vardy ya ci ƙwallo a wasannin Firimiya 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy a wasa da Manchester United ranar 28 ga Nuwamba 2015. Wasa uku kawai aka doke Leicester a duk kakar, biyu a hannun Arsenal, ɗaya a hannun Liverpool. Kofin ya tabbata nata ranar 2 ga Mayu 2016, bayan Tottenham ta tashi 2–2 da Chelsea. Ta ƙare da maki 81, da tazarar maki goma a kan Arsenal. Vardy ya ci ƙwallo 24, Mahrez 17, kuma Mahrez ya zama ɗan Afirka na farko da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PFA ta zaɓa gwarzon shekara.

A kakar da ta biyo baya Kanté ya koma Chelsea, ƙungiyar kuma ta yi ta shan kashi a gida, har aka kori Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara bayan ɗaukar kofin. A Gasar Zakarun Turai kuwa ta jagoranci rukuninta, ta fitar da Sevilla, sannan Atlético Madrid ta cire ta a kwata fainal da ci 2–1 jimilla.

Daga 2018 zuwa 2025

Ranar 27 ga Oktoba 2018, jim kaɗan bayan wasa da West Ham United, jirgi mai saukar ungulu na Vichai ya faɗi a wajen filin King Power bayan ya tashi daga tsakiyar fili. Shi da sauran mutum huɗu da ke ciki duk sun rasu. Ɗansa Aiyawatt ne ya gaje shi a shugabancin ƙungiyar.

Brendan Rodgers ya zama koci a Fabrairun 2019. A Oktoban wannan shekara Leicester ta je gidan Southampton ta doke ta 9–0. Ta ƙare ta biyar a 2020 da 2021, inda sau biyu gurbin Gasar Zakarun Turai ya kuɓuce mata a ranar ƙarshe. Ranar 15 ga Mayu 2021 ta lashe kofin FA karon farko, a wasan ƙarshe na biyar da ta buga, bayan Youri Tielemans ya ci Chelsea ƙwallo ɗaya tilo daga nesa. A 2022 ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Europa Conference League, Roma ta fitar da ita.

A waɗannan shekaru ƙungiyar ta dogara da sayar da manyan 'yan wasanta da tsada don sayo sababbi. Mahrez ya tafi Manchester City a 2018 kan fam miliyan 60, Harry Maguire ya tafi Manchester United a 2019 kan fam miliyan 80. Amma albashin 'yan wasa ya yi nauyi, annobar korona kuma ta taɓa kasuwancin King Power da ya dogara da matafiya. Ƙungiyar ta rage sayen 'yan wasa a 2022, ta faɗi daga Firimiya a 2023. Enzo Maresca ya dawo da ita a 2024 da maki 97 kafin ya koma Chelsea, amma ta sake faɗuwa a 2025. A ƙarshen wannan kakar Vardy ya bar ƙungiyar bayan wasa 500 da ƙwallo 200.

Filin wasa

Leicester ta yi shekara 111 a Filbert Street. A 2002 ta koma sabon fili da ke kusa da tsohon, wanda aka fara kira Walkers Stadium saboda kamfanin kayan ciye-ciye na birnin da ya ɗauki nauyinsa. An sauya masa suna zuwa King Power a 2011, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 32,000. Tun 2020 tawagar ke atisaye a sabuwar cibiya da ke ƙauyen Seagrave.

Launi da abokan hamayya

Shuɗiyar riga ce tufar ƙungiyar a wasannin gida. Hoton dabbar da ke tambarinta ya fara bayyana a 1948, saboda yankin Leicestershire ya daɗe da shahara wajen farautarta. Manyan abokan hamayyarta su ne maƙwabtanta Nottingham Forest da Derby County da Coventry City.

'Yan wasan Najeriya

Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma Leicester daga CSKA Moscow a Yulin 2016 kan kusan fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa biya a lokacin. Ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage, ya kuma ci Everton biyu a kofin FA a Janairun 2017, amma bai samu gurbi na dindindin ba. An mayar da shi CSKA aro a 2018, daga nan ya tafi Al Nassr ta Saudiyya.

Wilfred Ndidi ya zo daga Genk ta Beljiyam a Janairun 2017 don cike gurbin da Kanté ya bari, ya zauna har 2025. Kelechi Iheanacho ya zo daga Manchester City a Agustan 2017. Shi ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Southampton a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 2021, shi ne kuma ya ci tsohuwar ƙungiyarsa da bugun fenariti a Community Shield na wannan shekara. Ademola Lookman ma ya yi mata wasa a matsayin aro a kakar 2021–22.

Kofuna

Zuwa ƙarshen kakar 2024–25:

- Gasar Firimiya: 2015–16
- Rukuni na biyu (sau takwas): 1925, 1937, 1954, 1957, 1971, 1980, 2014, 2024
- Rukuni na uku: 2009
- Kofin FA: 2021
- League Cup: 1964, 1997, 2000
- Community Shield: 1971, 2021